Barandar da Ba a Goge Ba

Hamamatsu, Japan
3 ga Maris, 1997

Zuwa ga Goggo Kinuyo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Ina fata kina shafa maganin nan, ba ajiye shi kika yi a kan kabad kina kallo ba. Ki gaida min tsoho Sakuma da mutanen zauren ƙungiyarmu ta 'yan asalin Japan, da yaran ajinki na Japananci na ranar Asabar.

Mun iso lafiya, ni da maigidana Valdir da 'yarmu Sumie. Goggo, sanyin ƙasar nan ba irin namu na Parana ba ne, shi wannan har ƙashi yake shiga. Ɗakin da kamfani ya ba mu, in na miƙe hannuwa sai na kusa taɓa bango da bango. Ni ina sashen haɗa wayoyin mota, a tsaye tun safe har yamma. Valdir kuwa in na dawo shi zai fita, don haka a bakin ƙofa muke gaisawa kamar maƙwabta.

Japanancina kin san shi, tun ina yarinya kika fid da rai da ni. To yanzu ina ganin sakamakon gudun ajinki da na yi. A kanti, a ofishin gari, har a asibiti, Sumie ce bakina. 'Yar shekara takwas ta tsaya gaban babban mutum, ta sunkuya, ta yi bayani tiryan-tiryan, ni uwar ina bayanta kamar 'yar rakiya. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ta riƙe hannunta ta ce rabonta da jin irin wannan magana tun kakarta na da rai. Na san za ki ji daɗin wannan, shi ya sa na rubuta.

Watan gobe za ta fara makaranta, aji uku. Kayan da suka ce a kawo ba su da iyaka: takalmin cikin aji daban, na waje daban, ga jaka mai tauri kamar akwati. Har da tsumman goge ƙasa guda biyu, ɗaya da sunanta, ɗaya ba suna. Da ta ji haka sai ta hau tsalle, wai ashe Baccan ɗinta, wato ke da take kira kaka da Japananci, ba ƙarya take yi ba, yara ne ke share makaranta da kansu. Na ga ana sayar da farare a kanti, zan saya mata.

Tana kewarki ƙwarai. Kullum sai ta tambaye ni wa ke goge miki allo yanzu.

'Yarki,
Neusa

Boa Serra, Parana, Brazil
19 ga Maris

Neusa,

Na samu wasiƙarki, na karanta har takardar ta yi laushi. Lafiyata ƙalau. Gwiwa tana nan tana abin da ta saba, magani kuma ina shafawa in na tuna. Inabin Sakuma ya yi kyau bana, shi ne dai bai yi ba, kunnen ya ƙara toshewa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Saya za ki yi? Tsumman makaranta? Shekara arba'in ina koya wa yaran garin nan cewa tsumman makaranta daga gida yake fitowa. Uwa ce ke zaɓar tsohon ƙyalle na ɗakinta, ta ninke, ta ɗinke da hannu, don makaranta ta san gidan da yaro ya fito. Kin zauna a ajina lokacin da nake faɗin wannan, sai dai idonki yana wajen taga. Kada ki saya. Na sa guda biyu a ƙunshin nan.

Za ki gane ƙyallen. Shuɗin nan ne mai fararen ɗigo da ke ƙasan akwatin Inna, kakarki Shizu. A cikinsa aka ƙunshe mata kayanta lokacin da aka cire ta daga makaranta a Kumamoto aka sa ta a jirgin ruwa. Tana aji uku, kamar Sumie. Kin tuna labarin da take bayarwa? Ranar da babanta ya zo ɗaukarta, ita ce da goge barandar aji, har ta jiƙa tsumma, ya ce ta ajiye su tafi. Ta tsufa a gonar kofi tana cewa akwai barandar da ke jiranta a Japan. Mu yi dariya, ita ma ta yi. Da ta kwanta ciwon ajali ta sake faɗa, ranar dai ba wanda ya yi dariya.

Ni ban taɓa taka Japan ba, kuma da gwiwar nan ba na jin zan taka. Amma ga jinin Inna za ta shiga aji uku a can. Na daɗe riƙe da almakashi kafin na iya yankawa. Idona ya yi rauni, sai da jikar Sakuma ta zura min zare a allura. Ɗaya na ɗinka masa sunan Sumie da farin zare. Sumie fa, ba sunan cocin nan da Valdir ya laƙaba mata ba, Luzia, wanda har yau bakina bai taɓa kira ba. Ɗayan na bar shi ba suna yadda suka ce, ko da yake ban gane amfanin tsumma marar mai shi ba.

Na sa wa yarinyar tata takardar daban da Japananci, na ba ta labarin ƙyallen duka. Ke kaɗai nake wa wannan Fotugis ɗin nawa mai ɗingishi, don in ba haka ba sai kin nemi tafinta. Ita ban taɓa yi mata ko kalma ɗaya ba, kuma ba yanzu zan fara ba.

Yara shida suka rage min. Kowa ya kwashi iyalinsa ya bi ku. Allo ni nake gogewa.

Goggonki,
Kinuyo

Hamamatsu
11 ga Mayu

Goggo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai ƙafafuna da ke kumbura da yamma. Valdir yana gaishe ki. Ki yi haƙuri da jinkiri, aiki ya yi yawa, har ranar Asabar muke shiga.

Ƙunshinki ya iso ana gobe za a buɗe makaranta. Da na kwance na ga ƙyallen sai na zauna a ƙasa, don har ƙamshin akwatin Kaka Shizu yana jikinsa. Sumie ta karanta takardarki ita kaɗai a lungu, ba ta gaya min abin da ke ciki ba, amma da tsummokin a ƙarƙashin matashinta ta kwana.

Malamar ajinsu sunanta Hotta, yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Sumie ta ce ta ɗaga tsumman a gaban aji ta nuna wa kowa ɗinkin, ta ce yanzu da wuya a samu mai irin wannan hannu. Na sauran yaran duk farare ne na kanti, nata ne kaɗai shuɗi. Karatu kam ba ta da matsala, har ta fi wasunsu iya rubutu. Yaran sun sa mata suna Tsohuwa, wai maganarta ta mutanen da ce. Na tambaye ta ko abin yana damunta, ta ɗaga kafaɗa ta ce a'a.

Ki kula da kanki, sanyi ya kusa a wajenku.

Neusa

Boa Serra
22 ga Yuni

Neusa,

Ina gaishe ki da gajiya. Ƙafar nan ki riƙa ɗora ta a kan matashi, kuma ki rage gishiri, na san halinki. Ni lafiya lau. Sanyi ya sauko, da safe ciyawa fari fat.

Wasiƙarki na kai ta zauren ƙungiya na karanta wa kowa, wurin da malamar ta ɗaga tsumman sai da na maimaita saboda Sakuma. Yarana suka saki baki. Na ce musu, kun gani ko, abin da nake koya muku a ɗakin katakon nan shi ake yabawa a Japan ɗin kanta. Ranar ko gardamar shara ba su yi ba. Ɗan gidan Uemura ne kawai ya so ya ja tsumma da ƙafa, na yi masa kallo ɗaya ya durƙusa.

Maganar Tsohuwa kuwa, bar su. Hassada ce ta yara. In magana mai ladabi ita ce tsufa, to ta tsufa lafiya. Ni ma haka suke kirana a bayan idona, ban rame ba.

Amma ba ki gaya min abin da nake jira ba. Barandar fa? Layi ya zo kanta ta goge? Kullum in na kunna wa Inna turare a gaban hotonta sai na ce mata ta ƙara haƙuri, an kusa. Sannan me ya hana 'yar nan rubuto min? Ko ta zama 'yar birni ta manta da mai tsefe mata kai? Ki ce mata layi biyu ma ya isa, zan duba in ga ko hannunta ya lalace.

Gidan Uemura za su tashi a watan Agusta, su ma Japan. Yaransu biyu ne a ajina.

Kinuyo

Hamamatsu
17 ga Agusta

Goggo,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, sanyi kuma ya yi sauƙi. Mu nan zafi ne kamar a tukunya. Ƙafa da sauƙi.

Na samu wasiƙarki tuntuni. Ba ni da wani labari sosai. Sumie tana gida kwanakin nan, tana hutawa. Ba ta cika magana ba. Ta ga takardarki, in ta samu sukuni za ta rubuto.

Ki gaida kowa da kowa.

Neusa

Boa Serra
9 ga Satumba

Neusa,

Wannan wasiƙa ce ko takardar magani? Wata biyu ina zuwa gidan waya har ma'aikacin ya fara jin tausayina, sannan ki aiko min da abin da bai cika tafin hannu ba. To na gode, tunda kuna lafiya. Ni ma haka, sai ɗan tari da ya zo ya tafi.

Na san dogon hutu ake yi a can a watan Agusta, Inna ta sha ba mu labarinsa, yara su yi ta kama ƙwari a gona. Ta huta, ta cancanta. Rashin maganar kuma na gane, girma ne ya fara zuwa, kuma mutanen can ba su da surutu irin namu. Amma hutu ba dalilin ƙin rubutu ba ne, ki ja mata kunne a madadina.

Na lissafa yanzu an koma sabon zango, kuma tsumman da aka yi wata huɗu ana aiki da shi ya isa ya gaji. Saboda haka na yanka ragowar ƙyallen na ɗinka mata na uku, ga shi nan. Ɗinkin bai kai na farko kyau ba, idon ne. Shi ke nan ƙyallen Inna ya ƙare, duka ya koma inda ya fito, ni kuma hankalina ya kwanta.

Yara huɗu gare ni yanzu. Sakuma ya ce 'yan kwamiti za su zauna kan maganar ajin a ƙarshen shekara. Na ce su zauna, kujeru ai ba su ƙare ba. Muddin ina da labarin Sumie da zan ba yaran nan, ina da abin koyarwa.

Kinuyo

Hamamatsu
5 ga Oktoba

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fata tarin bai dawo ba. Jikinmu lafiya. Na fara wasiƙar nan na yaga ya fi a ƙirga, yau dai zan faɗa miki yadda abin yake.

Kada ki sake aiko da tsumma. Sumie ba hutu take yi ba. An koma makaranta tun farkon Satumba, ita kuwa rabonta da aji tun ƙarshen Yuni.

Tsumman da ba suna, ashe tara su ake yi a kwali ɗaya, na kowa da kowa, don aikin da ba mai son sa nasa: madarar da ta zube, bakin ban-ɗaki, wurin da wani ya yi amai. In ya yi wari a jefar a ɗauko wani. Ba wulaƙanci ba ne, haka suke yi. Mai sunan kuwa, sai daga baya na sani, ko sau ɗaya ba ta bari ya taɓa ƙasa ba. Lokacin shara sai ta goge da hankicinta, shi yana cikin jaka. Tana jira layin goge baranda ya zo kan rukuninsu, don ta ce saboda shi aka aiko shi. Saura mako ɗaya layin ya zo.

Ranar, wani yaro ya zubar da madara lokacin cin abinci. Ya je kwalin ya ɗauko tsumma, aka yi rashin sa'a shuɗin ne. Ya jefa ƙasa ya taka da takalmi yana murzawa. Kin san abin da kike yi wa yaron da ya sa ƙafa a kan tsumma. Sumie ta miƙe ta yi masa faɗa da kalmominki, da muryarki, har da ɗaga yatsan. Aji ya fashe da dariya, suna kwaikwayonta. Yaron ya ɗauki tsumman da yatsa biyu ya jefa a kwandon shara. Sai ta ture shi, goshinsa ya bugi bakin wurin wanke hannu, har sai da aka yi masa ɗinki.

Aka kira ni daga wurin aiki. Ga Malama Hotta, ga shugaban makaranta, ga uwar yaron, ga ni. Babu tafinta, Goggo. Sumie ce tafintar. Su yi magana, ta juyo ta ce min, "Mama, sun ce ban iya zama da mutane ba." Uwar yaron ta yi tata, Sumie ta juyo ta ce, "Mama, tana tambaya ko a ƙasarmu haka ake yi." Ni na ba da haƙuri da Fotugis, ita ta sunkuya ta mayar musu da Japananci mai kyau, irin wanda kika koya mata. Ko hawaye ba ta yi ba. Da muka fito ƙofar makaranta sai ta ce min da Fotugis, "Mama, na gama."

Tun daga ranar kalmar Japananci ba ta sake fita daga bakinta ba. A kanti yanzu da yatsa muke nuni, ni da ita. In na kira ta Sumie ba ta waiwayowa, sai na ce Luzia. Malama Hotta mutuniyar kirki ce, ita ta ciro tsumman daga shara ta wanke ta kawo har gida, kuma tana zuwa da aikin aji. Da yarinyar ta ji muryarta sai ta shige kabad ɗin ajiye katifu ta ja ƙofa. Ni ina fita da safe, Valdir yana barci, ita tana zaune ita kaɗai tana kallon bango. Wata uku ke nan.

Zan faɗi abin da ke raina ko da za ki yi fushi. Japan ɗin da kika koya mata babu ita a nan, Goggo. Na duba ban gan ta ba. Ta Kaka Shizu ce, kuma ta tafi da abarta. Kin ɗora wa ƙaramar yarinya kayan da ke da Kaka kuka kasa saukewa, ni kuma na tsaya ina kallo don ban iya karanta takardar da kika rubuta mata ba.

Akwai wata makarantar 'yan Brazil a garin nan, a saman wani kanti, da Fotugis ake koyarwa. Valdir ya ce a kai ta. Na san in ta shiga can, Japanancin ya tafi ke nan. Na yi mata maganar, idonta ya yi haske, sannan ta girgiza kai. Ta ce in ta je Baccan za ta ce ta ci amana. Ba za ta koma waccan ba, ba za ta shiga wannan ba, kuma ba ni take jira ba, ke take jira.

Neusa

Boa Serra
2 ga Nuwamba

Neusa,

Ina gaishe ku duka. Tari bai dawo ba. Kada ki ga na daɗe ki ce fushi ne, ko da yake da fushin na fara.

Na yi fushi da ke da kika bar ni ina yawo da wasiƙarki a zauren ƙungiya ina alfahari, alhali yarinya tana cikin kabad. Na yi fushi da yaron, da uwarsa, da shugaban makarantar, har na rubuta masa takarda shafi uku da Japanancin da ya fi kowanne nauyi, tana nan ban aika ba. Na yi fushi da jirgin da ya kawo Inna. Da na gama zagayen na dawo, ba wanda na tarar sai ni. Ranar Asabar ɗin nan na tsaya gaban allo, yara na jira, na rasa abin da zan ce musu ana yi a Japan.

Kin ce Japan ɗina babu ita. Wataƙila gaskiyarki. Ita kaɗai aka ba ni, daga bakin yarinyar da ta baro ta tana aji uku, ni kuma na yi ta rabawa shekara arba'in ban taɓa tambayar ko tana nan ba. Ba zan ce miki duk banza ba ne, don ban yarda banza ba ne. Amma bai kai 'yar nan ta zauna tana kallon bango ba. Abin yana min ciwo ƙwarai, Neusa, ba zan ɓoye miki ba.

Ga takarda nan, ki ba ta. Kada ki gyara min kuskure, ki bar ta ta gani yadda take.

Jikata,

Baccan ce. Kin ga ashe na iya Fotugis, ɓoyewa nake yi. Yaron nan aikin tsumma ya sa tsumma, ko da yake ƙafar da ya sa har gobe ban yafe ba. Ture shi da kika yi ba daidai ba ne, ke ma kin sani, kuma kin riga kin ba da haƙuri fiye da rabonki. Baranda ba aikinki ba ce. Ni na ɗora miki, yau na sauke. Ki je makarantar da za ki buɗe baki ki yi ta surutu har malama ta kore ki waje. Ba amanar da kika ci. In kin ga dama ki rubuto min, da kowane harshe.

Kinuyo

Hamamatsu
30 ga Nuwamba

Goggo,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sanyi ya fara dawowa. Ina fata zafi bai takura miki ba.

Na ba ta takardar. Ta juya ta gaba da baya tana neman Japanancin, ba ta gani ba. Da ta fara karantawa sai ta ƙyalƙyale da dariya, wai Baccan ta rubuta kalma kaza ba daidai ba, ta ɗauko jan biro za ta gyara. Rabona da jin dariyarta har na manta. Tana kaiwa tsakiya ta ajiye biron ta kifa kai a cinyata. Kukan da ba ta yi a ofishin shugaban makaranta ba, ranar ta yi shi.

Ta fara zuwa makarantar 'yan Brazil. Wata ƙaramar mota ke zuwa ɗaukarsu. Ɗaki biyu ne kawai, ba filin wasa, kuma wata mata ce ke yi musu shara. Ta yi ƙawa, tana dawowa da surutu, tana cin abinci. Japananci dai shiru. Mun haɗu da Malama Hotta a hanya, ta gaishe ta, yarinyar ta sunkuya yadda ya kamata amma bakinta a rufe.

Ƙunshin da ke tare da wasiƙar nan ita ta haɗa da hannunta. Tsummokin ne, duka ukun. Na ce ta bar ko ɗaya, ta ƙi. Ta ce, "Ki ce wa Baccan ta ajiye, ni ban iya ba." Ta zauna da takarda za ta rubuto miki, ta daɗe, ta tashi ba ta rubuta komai ba. Ina jin ba ta san da wane suna za ta sa hannu ba.

Maganganun da na faɗa miki, wasu sun yi kaifi da yawa. Ke kika raine ta lokacin da nake aiki a Londrina, ban manta ba. Ki yafe min.

'Yarki,
Neusa

Boa Serra
21 ga Disamba

Neusa,

Ina gaishe ki, ki gaida Valdir. Lafiyata lau, gwiwa ce ta kumbura, kuma ni na jawo. Ba abin yafewa tsakaninmu. Tana ci, tana dariya, wannan shi nake son ji.

Ƙunshi ya iso. Yadda na koya mata ta ninke su, baki ya haɗu da baki.

'Yan kwamiti sun zauna. Yara uku suka rage, biyu kuma za su tashi a watan Janairu, saboda haka an rufe ajin. Sakuma ne ya zo gaya min, yana ta murza hula a hannu, na ce masa ya daina kafin ya yaga ta. Jiya ce Asabar ta ƙarshe. Na raba wa yaran littattafan da suka rage, muka sha shayi da wainar shinkafa, suka sunkuya suka tafi. Ban sa su shara ba, suka yi ta mamaki.

Da wurin ya yi shiru sai na ɗebo ruwa a bokiti, na ɗauko mai sunan, wanda bai taɓa taɓa ƙasa ba. Kin san barandar zauren, wadda ubanki Masao da abokansa suka kafa da katako. Na durƙusa daga bakin matakala. Da can a guje nake yin ta, jiya kuwa sai na ja jiki, na huta, na sake ja. Sakuma ya dawo ɗaukar makulli ya same ni a haka. Ya ɗauki bokitin yana bi na da shi har muka kai ƙarshe. A can na ce wa Inna, ba waccan ba ce, amma ita ce gare mu. Sakuma bai ji ba, kin san kunnen, sai ya ce eh, ruwan ya yi datti.

Na wanke tsumman da sabulu har sau biyu. Shuɗin ya koma wani iri, farin zaren da na ɗinka sunan da shi ya yi ja, da ƙyar ake karantawa. Jar ƙasar garin nan ba ta fita a wanki, kin sani. Yana kan igiya yanzu, in ya bushe zan mayar da su duka ƙasan akwatin.

Ki riƙa sa mata safa biyu in za ta fita, ƙafarta ba ta son sanyi.

Ki gaida min Luzia.

Goggonki,
Kinuyo